Kafin ku ɗaura babban jirgin ruwa a bayan mota a Amurka

'Yan uwa Sakkwatawa da kuka sauka kwanan nan, wasunku za su sayi jirgin kamun kifi ko su sami aikin kai jirage bakin tafki. A gida mun saba ganin a-kori-kura ta ja mota da igiya daga Wamakko har cikin gari. A nan nauyi ake fara dubawa, kuma kowane ƙarfe da adadin da aka buga a jikinsa.

Ku fara da sikeli. Nauyin da mai sayarwa zai faɗa muku na jirgi ne babu komai a ciki. Sai ku ƙara tirela (amalanken da ake ɗora jirgin a kai), injin idan na rataye ne, batura, kaya, da fetur, wanda galan ɗaya ya kai nauyin wajen fam 6 (fam ɗaya kusan rabin kilo ne). Tankin galan 100 kaɗai fam 600 ke nan. Tashoshin manyan motoci suna da sikelin CAT. Ku hau da komai a ɗaure.

Ƙarfen ja da ake ɗaurawa ƙarƙashin mota aji biyar ne. Babban jirgi aji na 4 yake so, mai ɗaukar har fam 10,000, bakinsa inci 2, ko aji na 5, wanda ya wuce haka, bakinsa yawanci inci 2 da rabi. Amma ƙarfen ja, da sandar da ke shiga bakinsa, da ƙwallon da ke kanta wanda wuyan tirela ke kamawa, da ita motar, kowanne da iyakarsa, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakarku. Ƙarfe mai fam 10,000 da ƙwallo mai fam 6,000, fam 6,000 kuke da shi.

Don Allah ku kula da girman ƙwallo. Manyan tireloli inci 2 da 5/16 suke ɗauka. Idan kun sa na inci 2, zai shiga, har ya yi kamar ya kulle, ramin farko kuma tirela ta fita. Shi ya sa ake gicciya sarƙoƙi biyu da ke haɗa tirela da mota a ƙarƙashi, su tare wuyan tirelar kafin ya caki kwalta.

Nauyin da ke danna ƙwallo ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na duka kayan. In ya gaza, tirela ta dinga wutsiya a kan babbar hanya. In ya yi yawa, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako. Tirelar kuma ta tsaya daidai, ba ta duƙa ba, ba ta ɗaga ba. Akwai sanduna masu saukowa da masu hawa don haka.

Yawancin tirelolin jirgi birkinsu na kama kansa ne idan tirelar ta turo mota. Sandunan rarraba nauyi, waɗanda ake ƙarawa a wuyan tirela don rage danna bayan mota, na iya hana shi aiki, sai waɗanda aka ƙera dominsa. Irin wannan birki kan kama idan ana baya, don haka soket ɗin wutar tirela mai baki 5 ake nema, mai sakin birkin lokacin baya, ba mai 4 ba.

Faɗin jirgi in ya haura ƙafa 8 da rabi, yawancin jihohi sai da takardar izini. A Minesota kuwa, dole a cire toshiyar ƙasan jirgi, ruwan ya tsiyaye, kafin a hau titi.