Daga simuleta zuwa kwalta: inda aka fi yin tuntuɓe

Duk wanda ke ganin tseren simuleta, wato tseren mota a kan allo da sitiyari da feda, wasan yara ne, ya binciki labarin Jann Mardenborough. A 2011 ya lashe GT Academy, gasar tseren simuleta ta Nissan da PlayStation, a 2013 kuma ya zo na uku a rukunin motocin LMP2 a tseren motocin gaske na awa 24 na Le Mans da ke Faransa. Sai dai kafin ya kai nan, sai da ya sha horon watanni a motar gaske. Wannan horon ne masu tasowa daga gaban allo suke rainawa.

Birki ne babbar matsala. Fedar simuleta mai araha nisan da ka taka take aunawa, birkin mota kuwa ƙarfin takun yake ji. Sai ƙafa ta haddace nisa. Ranar farko a filin tsere za ka ga mutum ya taka a hankali, yana ƙarawa yayin da kwana ke matsowa, alhali akasin haka ake so: a danna da ƙarfi tun farko, a riƙa sassautawa yayin murɗa sitiyari. In da hali, sayi feda mai auna ƙarfin taku tun kafin ka yi tunanin sitiyari mai tsada. A ganina nan ne kuɗinka zai fi yin aiki.

Sai kuma jiran sitiyari ya kawo labari. A gida, ido da tafin hannu ne ke sanar da kai bayan mota ya fara zamewa. A motar gaske ƙugu da gadon baya ke fara ji. Sa'o'i kaɗan a ƙaramar motar kart za su koya wa jikinka abin da allo ba zai iya ba, su kuma nuna maka yadda wuya da damtse ke gajiya.

Allo yana ɓoye tudu da gangare. Ka haddace kwanonin filin tseren Spa na Belgium tsaf, hawan tudun da ke bayan kwanar Eau Rouge zai ba ka mamaki duk da haka. Yi amfani da simuleta wajen sanin jerin kwanoni da giyar kowace, amma wurin taka birki ka sake nemo shi daga nesa, kana matsowa kaɗan-kaɗan.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne sabo da maɓallin sake farawa. Taya mai sanyi ba ta kama kwalta, gashi mutum ya saba fita da gudu tun zagayen farko. Ko a gida, ka riƙa kammala tsere ba tare da sakewa ba, in ka daki bango ka tashi, na ranar ya ƙare.