Kafin ka yanka wayar fitilar motarka

Na gaji da ganin samari suna ƙona wayarin ɗin motocinsu saboda ƙwan LED na 'yan kuɗi kaɗan. Kusan kullum matsalar ɗaya ce: mutum ya samo taswirar waya da sunan "Corolla" kawai, ya ɗauki reza. Corolla ɗin wace shekara? Ta Amurka ce ko ta Turai? Motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano kowace da ƙasar da aka ƙera ta dominta, wayarinsu kuma yakan bambanta. Ka duba lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka nemi taswirar wannan shekarar da wannan ƙirar, ba ta maƙwabciyarta ba.

Launin waya ma ba abin dogaro ba ne. A Toyota, fara mai baƙin layi ita ce ta at, wato wayar negetib da ake jonawa da ƙarfen jikin mota. A Golf kuwa ruwan ƙasa ce. Ni wannan ya taɓa cinye min kuɗi sosai. Na ɗaura fitilun hazo a tsohuwar Toyota ta, ban san cewa makunnin babbar fitilarta ta ɓangaren at yake yanke wuta ba. Na jona waya inda na zaci daidai ne, ba rile (ƙaramin makunnin lantarki da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta), ba fiyus. Da dare a hanyar Zariya sai ga warin roba, hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, fitilu duka suka mutu, iyalina na cikin mota. Makunnin ya narke. Tun ranar ba na taɓa waya sai na gwada ta da mitar auna wuta, ko da taswira na hannuna.

Lissafin kuwa ba wuya. Ƙwai biyu masu wat 55 a batir mai bolt 12 suna jan kusan amfiya 9. Siririyar wayar makunni ba don wannan nauyin aka yi ta ba. Ka sa rile, ƙafafunsa suna da lambobi: ƙafa ta 30 daga batir ta bi ta fiyus, 87 zuwa fitila, 85 da 86 su ɗauki umarnin makunni. Ni fiyus mai 15 nake sawa, daf da kan batir.

Masu naɗa zaren tagulla a gurbin fiyus kuma, don Allah ku bari! Fiyus yakan ƙone ne don akwai inda waya ke taɓa ƙarfe, ko kuma nauyin wuta ya fi ƙarfinsa. Ka nemo wurin, in ba haka ba motar ce za ta kama wuta.

In ka sa LED a sigina ta koma ƙiftawa da sauri, canza rilen sigina zuwa na LED. Murɗa waya da salatif ba ya daɗewa a zafinmu, ka yi mata dalma. Cire kan batir na at kafin ka fara aiki. Soket mai launin rawaya a ƙarƙashin sitiyari ko kujera na jakar iska ne, ko tasta kada ka kai masa.