Ka daɗe baka motsa jiki ba? Ka fara biyawa ta wajen likitan fisiyo

Toh jama'a, mutum yayi shekara biyu uku bai taɓa ƙwallo ba saboda shago ko zaman ofis ko jinya, sai abokai suce akwai wasa ranar Lahadi, ya zaro tsohon takalminsa ya faɗa fili da ƙarfinsa, can sai kaji ance agara ta tsinke ko naman bayan cinya ya yage. Ƙwaƙwalwa bata manta yadda ake yanka ba, jijiyoyin ne suka yi sanyi, kuma numfashi yafi saurin dawowa akan ƙarfin jijiya, shi yasa zaka ji kamar ka shirya alhali gwiwa bata shirya ba.

Mutanenmu sun ɗauka sashen gashi, wato ɓangaren likitocin fisiyo masu gyara motsin jiki da atisaye da tausa, na masu shanyewar ɓarin jiki ne ko karaya kawai. A'a wallahi, da ƙafarka lafiya lau zaka iya zuwa kace so kake a duba ka kafin ka koma tirenin. Akwai sashen a asibitin ƙashi na Dala, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da manyan asibitoci da dama. In na kuɗi zaka je ka tabbatar mai duba ka yana da lasisin MRTB, hukumar da take yiwa masu wannan aikin rijista a Najeriya, dan ba duk mai tausa bane fisiyo.

Kaje da wandon da za a iya ganin gwiwarka, ka faɗi komai, hawan jini, ciwon suga, asma, tiyata, har tsohon targaɗen da mai ɗori ya ja maka tun kana sakandare. Likitan zai saka ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka tashi daga kujera ba dafawa, ka tsuguna, ka ɗaga dunduniya ka sauke, yana gwada hagu da dama, anan ake gano ɓangaren da yayi rauni kai baka sani ba.

Gashi da tausa akwai daɗi kam, har bacci suke sawa, amma ni a ganina atisayen da zai baka kaje gida kayi shine ainihin maganin, kuma shi mutane suke watsarwa. Ka bashi wayarka ya ɗauke ka bidiyo kana yi daidai dan kar ka manta.

Ka fara da tafiya ta minti 10 zuwa 15 bayan asuba kafin rana ta buɗe, saurin da zaka iya hira amma bazaka iya rera waƙa ba. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko tsawon lokaci ko sauri. Hukumar lafiya ta duniya tace babba ya samu aƙalla minti 150 a sati da kwana 2 na ƙarfafa tsoka, amma can ake son ka kai, ba a satin farko ba. Daga tafiya sai sassarfa, sai gudu a miƙe, sai juyi da yanka, ƙwallon gaske shine na ƙarshe.

Tsamin jiki da yake zuwa washegari yayi kwana 2 ko 3 ya tafi ba komai bane. Amma zogi a gaɓa, kumburi, ɗingishi, ko ciwon da ya ƙaru da safe, wannan ka rage ka koma wajen likitan fisiyon, dan Allah kar ka haɗiyi maganin kashe ciwo ka cigaba. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi kuwa tsayawa ake a take a nufi asibiti.

Masu jego, musamman wadda akayi wa tiyata, ki jira likita ya baki izini, yawanci sai bayan dubawar sati 6, in kuma fitsari yana kufce miki wajen tsalle ko tari ki faɗa ba kunya, akwai atisayen matse tsokar ƙasan mara da suke koyarwa, kuma zaki iya neman mace ta duba ki.