Yadda za ka tsara menu na abin sha a shagon gahawa a Jos

Duk wanda ya zo min da maganar zai buɗe shagon gahawa a garin nan, abu na farko da yake nuna min a waya hoton menu ne na wani shago a Dubai ko Santambul, abin sha kala talatin da wani abu, sai in ce masa ɗan'uwa ajiye wayar nan ka ɗauko biro da sikeli. Nima haka na fara, na jera abubuwa 24 a allo, na sayi kwalaben sirof, wato ruwan zaƙi mai ƙamshi da ake zubawa a gahawa, masu tsada waɗanda wasu har suka lalace ban sayar da kofi goma da su ba, kuma har yau abin yana min ciwo saboda kuɗin mahaifiyata ne a ciki.

Toh ka fara da lissafin kofi ɗaya. Esfireso, wato 'yar gahawa mai ƙarfi da inji ke tatsowa, mai ninki biyu yana cin kamar giram 18 na gahawa, kenan kilo ɗaya zai ba ka kofi 55 a takarda, amma ka lissafa 50 kawai domin kullum da safe sai an zubar da na gwaji kafin injin niƙa ya saitu, ga wanda yaron shago zai ɓata. A ce ka sayi kilo naira 25,000, gahawar kofi ɗaya ta tashi 500 kenan. Ka ɗora madara, kafucino ɗaya, wato esfireso da madara mai kumfa, yana shan wajen mililita 150, lita ɗaya ba za ta wuce kofi shida ba, sannan suga, kofin takarda da murfinsa, tsinken sha, tishu, har cajin POS kar ka bari a baya. Abin da ya fito ka ninka shi uku, a nan kuɗin sayarwa zai fara. Ba son kuɗi ba ne, kashi biyun nan su ne haya da albashi da dizal, injin esfireso kuwa cin wuta gare shi sosai, ranar da aka ɗauke wuta ƙaramin janareto ba zai ɗauke shi ba.

In ka ninka ukun ka ga kuɗin ya fi ƙarfin mutanen unguwar da kake, kar ka rage farashi ka shiga asara, cire abin daga menu. Wanda ke Rayfield, unguwar masu hali, da wanda ke Bauchi Road kusa da ɗaliban jami'a ba kwastomomi ɗaya gare su ba, kuma ba laifi allonsu ya bambanta.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne ribar shagon gahawa a Arewa yawanci ba a gahawar take ba. Mu mutanen shayi ne. Mutum huɗu za su shigo, ɗaya ne zai nemi esfireso, sauran za su ce akwai shayi mai citta? Kuma shayin nan da ka dafa da citta da kanumfari da na'a-na'a da ɗan masoro, kayansa duk a kasuwar Terminus ko ta Farin Gada za ka same su, kuɗin da ka kashe a kofi ɗaya bai kai rabin na kafucino ba. Sai dai ka tuna mai shayi na bakin titi yana sayar da nasa da araha, don haka naka dole ya fi nasa, a dafa shi da kyau a kawo a buta ƙarama da dabino biyu a gefe, mutum ya ji ya zauna a wuri. Ganyen shayi ma muna da namu na Mambila a Taraba, kuma ana noman gahawa a can da nan Filato, in ka samu mai soya ta da kyau ka gwada, ka rubuta a allo daga inda ta zo, mutane suna son jin haka.

Haka zoɓo da tsamiya da kunun aya. Zoɓo da abarba da citta a kofin gilashi da ƙanƙara yana tafiya sosai, kuma yana kwana a firij. Kunun aya ne zan ja maka kunne a kai, yana da riba amma ba ya haƙuri, wuta ta ɗauke na 'yan awanni ya yi tsami ka zubar, don haka ka yi kaɗan kullum, in ya ƙare ya ƙare.

Wajen jera menu ɗin, kar ka wuce abu 10 zuwa 12, kuma ka tabbata kaya ɗaya yana aiki a wuri uku ko fiye. Madara ta shiga kafucino da latte, wato esfireso mai madara da yawa, da shayi da koko mai zafi. Citta ta shiga shayi da zoɓo. Dabino ka markaɗa shi ya zama abin zaƙi na gahawa mai sanyi, ka huta da sirof na waje da farashinsa ke bin dala. Duk abin da sai ka sayi kaya na musamman dominsa shi kaɗai, ka yi tunani sau biyu. Wanda ya fi kawo riba ka sa shi a saman allo, girma biyu ya isa, ƙarami da babba, saboda bambancin kuɗin da ka kashe a kansu kaɗan ne amma yawanci mutum babban zai ce.

Sannan Jos gari ne na sanyi, wannan kyauta ce Allah ya ba mu da mai shago a Abuja zai yi fatan samu. Daga Disamba zuwa Janairu abu mai zafi ke tafiya tun asuba, ka ƙara koko da kunun gyaɗa. A lokacin ne kuma sitiroberi na wajen Vom ke cika kasuwa, ka yi madara da shi na 'yan makonnin nan, da ya yi tsada ka sauke shi. Maris da Afrilu in zafi ya ɗan taso sai ka tura masu sanyi gaba, gahawar da ake jiƙawa a ruwan sanyi ta kwana kamar awa 12 zuwa 18 ba ta buƙatar inji ko kaɗan. Da azumi kuwa rana ba ciniki a unguwanninmu, ka mayar da ƙarfinka bayan shan ruwa zuwa bayan tarawihi.

Ka rubuta awon kowane abin sha ka manna a bango inda yara ke haɗawa, giram nawa, ludayi nawa, don in kowa yana zubawa da ido lissafinka ya tashi a banza kuma ɗanɗanon jiya ba zai zama na yau ba. Duk ƙarshen wata ka zauna da littafin ciniki ka ƙirga kofi nawa kowanne ya sayar, ka sake duba kuɗin madara da suga a kasuwa tunda ba sa zama wuri ɗaya. Shi ya sa nake cewa ka yi allon alli tukuna, kar ka kai wa masu firintin sai menu ɗin ya yi wata uku yana aiki.