Ba Ƙishirwa Ke Kashe Albasar Fulawa Ba: Kurakuran Da Na Gaji Da Gani A Gidajen Katsina

Duk shekara idan damina ta kankama sai an turo mini hoto iri ɗaya a WhatsApp: bokitin fenti cike da baƙar ƙasa jiƙe sharkaf, babu ko alamar tsiro, a ƙasan hoton an rubuta, "Yaya, fulawata ta ƙi fitowa, ko mai fulawar ya cuce ni ne?" Amsata ba ta canzawa. Nakan ce ta sa hannu ta tono kan, ta matsa shi, ta shinshina. Cikin goma, tara sukan dawo su ce ya yi laushi kamar dafaffiyar albasa, yana wari. To wannan ba mai fulawa ba ne, ƙanwata, ke ce kika kashe ta da ruwa.

Ina maganar furannin da ake shuka kansu maimakon iri: giladiyolas mai dogon zangarniya, tubaros mai ƙamshin dare, amarilis, kana mai faɗin ganye kamar na ayaba, da namu na gida, albasar kwaɗi da gatarin kurege. Wasu kansu kamar albasa yake, wasu kamar ƙaramin gwaza, na kana kuwa kamar citta. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: kan nan rumbu ne. Abincin da za ta ci ta yi fure yana ciki tun kafin ki saye ta. Wadda ta riƙe wannan a zuciya ta tsira daga rabin abin da zan lissafa.

Shekarar da na fara, kai 40 na giladiyolas aka kawo mini daga Jos, a cikin watan Afrilu. Kowa ya san Afrilun Katsina, zafi yana haura digiri 40, ƙasar tsakar gida ba ta takuwa da tsakar rana. Zumuɗi bai bar ni na jira ruwan shuka ba. Na samo bokitai na roba, ban huda ko ɗaya ba, na cika su da ƙasar lambu mai laka, na zuba ɗanyen kashin kaji saboda an ce yana da ƙarfi, na binne su. Sannan na shiga ban-ruwa safe da yamma, har da azahar idan na ga saman ƙasar ya bushe. Ruwan nan kuwa saye nake yi wajen 'yan ga-ruwa. Sati uku shiru. Ranar da na kifar da bokitin farko, ruwa ne ya fara kwararowa mai ɗumi kamar na wanka, ƙasan bokitin ya zama taɓo, kawunan sun narke, ɓawonsu kaɗai ya rage a hannuna. Guda 3 suka tsira cikin 40, su ma don bokitinsu ya tsage a gindi ne.

Har yau idan na tuna raina yakan ɓaci, domin abu uku na haɗa wa baiwar Allah a lokaci guda: zafi, ruwan da ba shi da mafita, da takin da bai huce ba. Kan da bai yi saiwa ba ba ya shan ruwa. Zaune kawai yake a cikinsa, rana tana dafa robar daga waje, taki yana dafa shi daga ciki. Manomi yakan yi binnen gero a busasshiyar ƙasa ya jira sama, amma ba ka taɓa ganin ya bi shi da bokiti yana jiƙawa a bazara ba.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma ban ce dole kowa ya bi ni ba. Ba na shuka sai an yi ruwa biyu ko uku masu kyau, iska ta sauya, wanda a nan yawanci sai cikin Yuni. Na daina amfani da roba sai in babu yadda zan yi. Tukunyar ƙasa nake nema, ko tsohuwar randa da ta tsage, domin tana numfashi kuma ba ta ɗaukar zafi kamar baƙar roba. Ina huda gindinta da kyau, huda wadda yatsa zai shiga, na ɗora tsingaro a kai don kada ƙasa ta toshe ta, sannan na ɗora tukunyar a kan bulo biyu. Ƙasa kuwa, kashi biyu ta jigawa, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya takin shanu da ya shekara, wanda ya koma baƙi yana marmashewa, babu wari. Na shuka, na ba ta ruwa sau ɗaya, shi ke nan sai na ga tsiro. Bayan nan ma yatsa nake tsomawa. In da danshi a gaɓa ta biyu, na wuce abina. A watan Agusta, lokacin marka, aikina ya koma janye tukwane daga ƙarƙashin indararo, ba ban-ruwa ba.

Kana da albasar kwaɗi su ne ba su shiga wannan hukunci sosai ba. Albasar kwaɗi a bakin fadama take fitowa tun asali, kana kuma tana son ƙafarta a danshi. Su nake sakawa kusa da inda ruwan alwala ke gangarawa. Ruwan alwala na ce, ba ruwan wanki ba. Masu juye ruwan Omo da na wanke-wanke a gindin fulawa, ku ji tsoron Allah, gishirin da ke ciki taruwa yake a tukunya har bakin ganye ya ƙone.

Akwai masu shuka kai a kife. Wajen tsinin ne sama, wajen da tsoffin saiwoyi suke ƙasa. Zurfi ma ba ɗaya ba ne: giladiyolas santimita 10 zuwa 15, in ba haka ba iskar hadari ta kwantar da ita ranar da ta fi kyau, amarilis kuwa a bar kusan kashi ɗaya cikin uku na kanta a waje, kamar yadda albasa ke zama a lambu. Gatarin kurege a kwance ake shimfiɗa shi, kuma a hankali, domin idonsa a can ƙarshen tsinin yake, in ya karye an gama.

Inuwa ma tana cin mutane. An ga zafin garinmu sai a tura tukunya can ƙarƙashin bedi ko lungun da rana ba ta leƙawa, ganye ya yi tsawo ya yi laushi, fure babu. Ranar safe nake ba su, daga hantsi zuwa kusan azahar, katangar yamma ta kare su daga ta la'asar. Takin zamani kuma, ku bar wa masara yuriyarta. Ganye zalla take sa su yi. Ɗan cokalin shayi na NPK 15-15-15 a gefen tukunya, nesa da kan, bayan ganye ya fito, ya isa.

Kuskure na biyu da ya ci ni, shi ne wanda ya fi ba ni haushi idan na gan shi a gidan wata, domin tsabta ce ke jawo shi. Shekara ta uku na samu furanni yadda nake so. Da suka gama, ganyen ya fara kwanciya yana rawaya, ga kuma biki za a yi a gidan, baƙi za su cika tsakar gida. Na ɗauki wuƙa na aske su ƙasa-ƙasa, na share wuri tas. Goggona da ta zo daga wajen Daura tana zaune a tabarma tana kallona, sai da na gama ta ce, "Ke 'yar nan, kin yanke mata baki, da me za ta ci?" Ban gane ba sai da damina ta zagayo. Kawunan da na tono sun ƙanƙance kamar tafarnuwa, na shuka su suka ba ni ganye biyu-biyu, ko fure ɗaya ban gani ba. Shekara guda cur ta tafi a banza.

Ku saurare ni da kyau, masu son gida fes. Fure kashe rumbu yake yi. Ganyen nan da kuke gani kamar shara, shi ne manomin da ke sake cika rumbun bayan fure ya faɗi. Giladiyolas ma abin ya fi haka: tsohon kan ƙarewa yake gaba ɗaya, sabo ne ke fitowa a samansa, kuma ganye ne ke gina shi. A ba shi aƙalla sati 6 bayan fure, ana ɗan ba shi ruwa, har ya bushe da kansa ya zama kana ja yana biyo hannu. Abin da za a yanke shi ne sandar furen da ta gama, don kada ta ɓata ƙarfinta wajen yin 'ya'ya. In ganyen ya dame ki da kallo, ɗauke tukunyar ki kai bayan ɗaki inda rana ke samunta. Kada ki ɗaure shi, kada ki yi masa kitso, na ga mai yin haka. In kuma za ki yanki zangarniya ki sa a kwalba, bar wa uwar ganye huɗu ko fiye.

Daga nan sai ajiya. An tono kai lafiya lau, sai a wanke shi da ruwa, a ɗaure a leda, a jefa a durowa. Leda gumi take yi, kafin hunturu ya fita ya yi furfura ya ruɓe. Ni kakkaɓe ƙasar nake yi, na shanya su a inuwa sati biyu, na ɓalle tsohon kan da ya mutu a ƙasa, na barbaɗa musu toka, na zuba a buhun albasa mai raga, na rataye a rumfa inda ɓera da gara ba sa kaiwa. Wasu suna sa maganin feshi, ni toka da busasshen ganyen bedi na saba da su. 'Yan ƙananan da ke manne a jiki kada a zubar, a shuka su daban, bayan shekara biyu ko uku za su kai girman yin fure. Albasar kwaɗi kuwa ba a tono ta kwata-kwata, ba ta son ƙaura. In aka dame ta sai ta yi shekara tana fushi. Tubaros kuma kan da ya yi fure ba ya sakewa, 'ya'yan da ke kewaye da shi ne na baɗi, don haka kada ki zaɓi babban na tsakiya ki watsar da sauran.

A nan zan ɗaga murya. Gatarin kurege, mai furen nan ja da rawaya da ke lanƙwashewa baya kamar harshen wuta, wanda ƙasar Zimbabuwe ta ɗauka furen ƙasarta, guba ne tun daga ganye har saiwa, kuma saiwar ta fi. Kama take yi da siririn dankali ko 'yar doya, tana kuma kashe mutum. Amarilis da albasar kwaɗi su ma ba a ci, ga su kamar albasar miya sak. Na taɓa shiga wani gida na tarar an shanya kawunan amarilis a faifai a ƙofar kicin, kusa da kwandon albasa, yara suna wasa a wurin, yarinyar da ke taya aiki tana shirin ɗora girki. Haba Hajiya! Buhun fulawa ba ya shiga kicin, ba ya shiga sito, a rataye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, a kuma gaya wa duk mai girki a gidan. In gidanki akwai masu rarrafe ko awaki a sake, haƙura da gatarin kurege har su girma ko ki yi shinge. In tsautsayi ya sa wani ya ci, asibiti nan take, a tafi da ragowar abin a hannu, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Sai masu sayen abin da suka gani a hoto. Tulif ɗin Holan ba zai yi miki fure a Ƙofar Marusa ba, ko nawa kika biya, domin sai ya kwana cikin sanyi mai tsanani na sati 12 zuwa 16 kafin ya yi, hunturunmu kuwa sanyin dare ne, da rana ta fito ya gudu. Daliya 'yar tsaunukan Meziko ce, shi ya sa take jin daɗin Jos mai tudun kusan mita 1,200, a nan kuwa wahala take sha. Giladiyolas ɗin ma, wadda yawancin kakanninta daga Afirka ta Kudu suke, na lura wadda na shuka a ƙarshen Oktoba ta yi fure cikin sanyi ta fi ta damina tsawo da kauri, sai dai ita ruwan saye za ta sha. Idan za ki saya, matsa kan da yatsa: mai tauri da nauyi shi ne lafiyayye, mai laushi ko mai tabo baƙi ki ajiye masa abinsa.

Kuma kada ki zuba su duka rana ɗaya. Giladiyolas tana ɗaukar kwana 70 zuwa 100 kafin ta buɗe, in kika shuka gaba ɗaya za su yi tare su ƙare tare cikin sati biyu. Ni biyar-biyar nake sakawa duk bayan sati biyu, daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli. Yanka kuma da asuba nake yi bayan na idar da salla, lokacin da furen ƙasa ɗaya ko biyu suka fara buɗewa, na tsoma sandar cikin ruwa tun a wurin, sauran su ƙarasa buɗewa a ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Tubaros ita ba na yankan ta. Tukunyarta tana gindin tagar ɗakina ta gabas, bayan isha'i idan aka ɗauke wuta muka fito da tabarma tsakar gida, ƙamshinta yakan kai har zaure.