Asusun yaro: ku sa lambar wayarku a kai

Jama'a, iyayen yara, idan za ku buɗe wa ɗanku asusu a banki, ku buɗe na ajiya, ku ƙi karɓar katin cire kuɗi, sannan lambar wayar da za a rubuta a takardar ta kasance taku.

Dalili kuwa shi ne, a dokar Kamaru yaro ba ya cin gashin kansa sai ya cika shekara 21, don haka sa hannunku ne ke tafiyar da asusun, kuma duk sefa da ta shiga ko ta fita saƙon zai faɗo wayarku. Ku tafi da takardar haihuwarsa da katin shaidarku, kada a mayar da ku gida cikin zafin ranar Garwa.

Kuɗin kashewa kuma ku raba shi da ajiyar. Ɗana da ke karatu a Marwa, sefa 5,000 nake tura masa ta Orange Money duk ranar Asabar, domin na gwada ba shi na wata guda a dunƙule, kafin kwana goma ya ƙare a wajen mai tsire da katin waya.

Dabarar tana lalacewa idan yaron ya san lambar sirrinku, ko kuma kuna barin wayar a hannunsa da dare, saboda zai iya goge saƙon kafin ku gani. Ku kuma tambayi ko bankin yana cire kuɗin saƙon kowane wata, domin ƙaramar ajiya ba ta jure wannan yankan.