Hosta a Sakkwato: kurakuran da na gaji da ganin ana maimaitawa

Ko a makon jiya sai da wata baiwar Allah daga Arkilla ta turo mini hoton hosta a WhatsApp, wata shukar ado mai ganye kamar faifai, tana tambaya ina za ta samu irinta ta cike lungun bayan ɗakinta. Ita ce ta biyar a bana. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Kuskuren da ya fi cin kuɗina shi ne zaton cewa inuwa da sanyi abu ɗaya ne. Mutum zai karanta cewa hosta shukar inuwa ce, sai ya dubi gindin mangwaronsa ya ce ai shi ke nan. Asalin hosta daga Japan ne da Sin da Koriya, inda ake sanyi na gaske. Idan sanyi ya shigo ganyenta kan bushe gaba ɗaya, saiwar ta kwanta barci a cikin ƙasa, kuma sai ta yi makonni a sanyin da bai wuce digiri 5 ba kafin ta tashi da ƙarfinta. Hunturunmu da muke ƙudundunewa cikin bargo muna jin ɗumin wuta, da asuba wajen digiri 15 yake tsayawa. A wurin hosta wannan ba barci ba ne, ko gyangyaɗi bai kai ba. Waɗancan manyan da kuke gani a hoto, irin Empress Wu da tsayinta kan haura mita ɗaya, ko Sum and Substance, sai sun yi wajen shekara 5 a wuri ɗaya ba a taɓa su ba, kowace shekara da barcinta, kafin su kai haka.

Ni ban san wannan ba sai da na gani da idona. Ƙanena ne ya taho mini da saiwa uku daga Ingila a watan Fabrairu. Sun riga sun sha sanyinsu a can, don haka cikin mako biyu suka yi toho, tsiron ya fito a nannaɗe kamar tabarma, yana warwarewa a hankali. Har maƙwabta nake kira su zo kallo. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, sai bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an kara masa ashana, alhali ko ɗigon rana ba ya taɓa su. Iskar kanta ce ke gasa su. Biyu suka mutu kafin ruwan farko. Ta ukun ta lallaɓa ta ga damina, ni kuma da taurin kai na tone ta a Disamba, na nannaɗe a jarida na cusa a firij, wai zan yi mata hunturun ƙarya. A ɗauke wuta kwana biyu, a kawo awa uku, firij ya yi sanyi ya huce, ya yi sanyi ya huce. Ranar da maman yara ta ce wani abu na wari kusa da zoɓonta, na buɗe jaridar na tarar da saiwar ta zama kamar dafaffiyar albasa. Wanda ke da sola mai ƙarfi da firij na musamman yana iya gwadawa, amma ko ya tsallake Disamba, Afrilu na nan tana jiransa.

Wani dattijo mai lambu a fadamar Kwalkwalawa ne ya sauke ni daga wannan doki. Na nuna masa hoton a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wanga ai ƙanen gwaza na. In ganye kaka so, mi ya hana ka shuka gwaza?" Na ce, "Baba, gwaza ai ta ci ce." Ya yi dariya ya ba ni kai biyu. Yau ganyen da ke tsakar gidana ya fi tiren shayi faɗi, kuma baƙi na tambaya daga wace ƙasa na yo odarsa. Gwaza da 'yan uwanta na ado da ake kira kunnen giwa zafi suke so, ruwa kawai za ka tsare musu.

Sai dai ko da gwazar, akwai kuskure na biyu da ke ba ni haushi, wato dasawa a gindin dogon yaro. Haba jama'a! Itacen da ya iya rayuwa wata takwas ba ruwan sama, kana zaton zai bar wa shukarka ruwan da ka saya a hannun mai garuwa? Na yi wata uku ina zuba jarka biyu kullum, ganye bai wuce tafin hannu ba. Da na tona, ramin cike yake da siraran saiwoyin dogon yaro, sun saƙe kamar soson wanka. Itacen nake shayarwa. Yanzu rabin duro nake amfani da shi, in huda gindinsa, in ɗora a kan bulo uku yadda saiwar itace ba za ta samu hanyar shiga ba. Ƙasar da nake haɗawa kwano biyu na baƙar ƙasar fadama, ɗaya na takin shanu da ya shekara ya ruɓe, ɗaya na ɓuntun shinkafa. Wasu za su ce ɓuntun ya yi yawa. Ni dai haka ta karɓe ni. Wanda ya zuba zallan yashin jigawa kuwa, kafin ya juya baya ruwan ya zurare.

Wurin ajiyewa ma a lura. Jikin katangar da rana ke duka da yamma kamar tanda yake har bayan isha'i. Ni gefen da hantsi ke leƙawa zuwa ƙarfe goma nake zaɓa, daga nan inuwa ta rufe.

In babban ganye kake nema, ka fara da babban kai, kuma ka daina tausayin 'ya'yan da ke fitowa a gefe. Ina cire su in bar uwar ita kaɗai ta ci takinta. Masu son duro ya cika da tsiro goma su ne ke dawowa suna cewa tasu ba ta girma.

Sauran ƙanana ne. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Baƙar roba a bazara dafa ƙasa take yi. Ban ruwa da sassafe ne da bayan la'asar. Iskar hunturu na yayyaga ganye, a kafa zana ta gefen da take kaɗowa, a riƙa wanke ƙurar da ta kwanta a kai. In ka rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, ka riƙa ɗagawa kana duba gara. Ruwan jikin ganyen yana da ƙaiƙayi sosai, a hana yara tsinka suna kaiwa baki, ni kaina sai na sa leda a hannu kafin in yanke tsohon ganye.

Ita kuwa mai hoton, na aika mata da 'ya'yan gwaza uku a buhun siminti. Har yanzu ba ta aiko an ɗauki duron da na yanka mata ba.